HAƊARIN GAMA MAGANIN GARGAJIYA DA NA ASIBITI GA TSOFAFFI

Bayani domin hakimai da malamansu

An shirya wannan ɗan littafi domin hakimai da malaman da ke riƙe musu alƙalami, saboda su ne ke kusa da talakawa, kuma maganarsu ita ce ke kai wa inda ta likita ba ta kai. Abin da ake so su gane, su kuma ganar da jama'a, shi ne: saiwa da sassaƙe da ganye magani ne na gaske, suna da ƙarfi a cikin jiki kamar yadda ƙwaya da allura ke da shi. Saboda haka duk tsohon da ke shan na asibiti da na gargajiya tare, alhali likita bai san da na gargajiyan ba, mai maganin gargajiya kuma bai san da na asibitin ba, to yana cikin haɗari, ko da kowane ɗaya daga cikin magungunan nan mai kyau ne in an sha shi shi kaɗai.

An rubuta sunayen magungunan asibiti a nan yadda suke a jikin kwali, don malamai su iya gane su in sun gani.

ITACE MAGANI NE

Ba a shirya wannan bayani don a ƙasƙantar da maganin gargajiya ba. Masana sun daɗe da sanin darajarsa. Tun cikin 1916 wani likita mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar nan, ya buga littafin sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa, cikin 1937 kuma ya buga wani babba a kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma. Cikin 2007 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufarta game da maganin gargajiya, kuma kowace ranar 31 ga Agusta ƙasashen Afirka na bikin tunawa da shi.

Har ila yau, da yawa daga cikin magungunan asibiti daga itace suka samo asali. Quinine daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu aka fitar da shi cikin 1820. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha yanzu, tushensa wani tsiro ne ɗan'uwan tazargade, wanda masanan ƙasar Sin suka tace cikin 1972. Digoxin, maganin zuciya, daga ganyen wani fure na Turai ake samunsa, wanda wani likitan Ingila, William Withering, ya bayyana amfaninsa cikin 1785 bayan ya gano shi a cikin wani haɗi na gargajiya. Warfarin kuwa, maganin da ke hana jini daskarewa, an kai gare shi ne ta hanyar binciken abin da ya sa shanu ke mutuwa da zubar jini a Amurka da Kanada bayan sun ci wata ciyawa da ta ruɓe.

Abin lura a nan shi ne, in itace yana iya warkarwa, lalle yana iya cutarwa. Maharba sun san dafin da ake haɗawa da 'ya'yan kwankwani a shafa wa kibiya. Abin da ke cikinsa dangin digoxin ne: kaɗan ya ƙarfafa zuciya, da yawa ya tsai da ita. Bambancin magani da guba, awo ne. Ƙwayar asibiti an auna ta, an san abin da ke cikinta. Jiƙo kuwa ƙarfinsa yana sauyawa gwargwadon inda itacen ya tsiro, da lokacin da aka sare shi, da yawan ruwan da aka zuba, da kwanakin da ya yi a tulu.

ABIN DA YA SA TSOFAFFI SUKA FI SHIGA HAƊARI

Duk maganin da mutum ya sha, sai ya bi ta hanji ya shiga jini, ya yi aikinsa, sa'an nan hanta ta narkar da shi, ƙoda ta tace shi ya fita cikin fitsari. Waɗannan gaɓoɓi biyu su ne ƙofofin fitar magani daga jiki, kuma tsufa yana raunana su.

Kowace ƙoda tana da 'yan matatai ƙanana wajen miliyan ɗaya, kuma ƙodoji biyu na saurayi lafiyayye suna tace ruwa kimanin lita 180 a yini da kwana, su mai da mafi yawansa cikin jini. Daga wajen shekara 40 wannan aiki yakan fara raguwa kaɗan kaɗan kowace shekara, ba tare da mutum ya ji wani ciwo ba. Hanta ita ma takan ƙanƙance, jinin da ke ratsa ta ya ragu. Saboda haka maganin da zai fita daga jikin ɗan shekara 30 cikin yini ɗaya, yana iya wuce haka a jikin ɗan shekara 75, har na gobe ya tarar da ragowar na yau.

Bayan wannan, ruwan jikin tsoho bai kai na yaro ba, kuma ƙishirwa ba ta kama shi da wuri. Gudawar da saurayi zai yi ya tashi ya tafi gona, tana iya kwantar da tsoho, musamman da bazara ko cikin azumi.

Dalili na uku shi ne yawan cututtuka. Dattijo ɗaya yakan haɗa hawan jini, da ciwon suga, da ciwon gaɓɓai, da wahalar fitsari. Kowane ciwo da ƙwayarsa. Likitoci na ɗaukar wanda ke shan iri 5 ko fiye a matsayin wanda ke bukatar kulawa ta musamman, tun ba a sa na gargajiya a lissafi ba. A kan wannan sai a ƙara wanda ɗa ya aiko daga birni, da wanda maƙwabci ya ce ya yi masa amfani, da wanda aka sayo a mota ran kasuwa. Ga raunin gani, ga mantuwa, ga rashin karatun boko.

Dalili na huɗu ya fi sauran ɓoyuwa. In magani ya ɓata wa tsoho, alamunsa su ne jiri, da faɗuwa, da yawan barci, da ruɗewa, da ƙin abinci. Mutanen gida sai su ce tsufa ne, ko su ce iska ce, su ƙaro wani jiƙon. Ta haka abin da ya jawo ciwon shi ake ƙara masa.

HANYOYIN DA MAGUNGUNA KE KARO DA JUNA

Hanya ta fari: su taru su yi aiki iri ɗaya, aikin ya wuce kima.

Misali mafi kusa shi ne zoɓo. Cikin 2015 masana a Inugu sun gwada shi ga masu hawan jini wanda bai yi tsanani ba, suka ga yana saukar da jini sosai, suka kwatanta shi da ƙwayar hydrochlorothiazide. Wannan labari ne mai daɗi, amma yana ɗauke da gargaɗi. Tsohon da ke shan amlodipine ko lisinopril, sa'an nan ya ɗauki zoɓo mai kauri ya mai da shi magani safe da yamma, jininsa yana iya sauka fiye da yadda ake so. Sai ya miƙe daga tabarma da asuba, duhu ya rufe masa ido, ya faɗi. Karayar ƙugu ga tsoho kuwa sau da yawa ita ce kwanciyar da ba a tashi.

Haka abin yake ga ciwon suga. Jama'a na shan hulba, da shuwaka, da garahuni, da ganyen darbejiya don saukar da suga. In an gama su da insulin ko glibenclamide, suga yana iya faɗuwa ƙasa da 70 a ma'auni. Glibenclamide tana daɗewa a jikin mai raunin ƙoda, shi ya sa likitoci ba su cika son ba tsofaffi ita ba. Faɗuwar suga tana iya kashewa cikin sa'o'i kaɗan, alhali hawansa yakan ɗauki lokaci kafin ya yi ɓarna.

Sai magungunan tsinka jini. Ana ba wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya aspirin, ko clopidogrel, ko warfarin. Likitoci na gargaɗin irin waɗannan mutane game da shan tafarnuwa da citta masu yawa a matsayin magani, da kuma ƙwayoyin ginkgo da ake shigowa da su daga waje ana cewa suna gyara mantuwa, domin suna iya ƙara tsinka jinin. Sakamakon shi ne haɓo, ko zubar jini a ciki, ko a ƙwaƙwalwa.

Tumfafiya kuwa, wadda ba kangon da ba ta, ruwanta da ganyenta da saiwarta suna ɗauke da dangin digoxin. Mai shan digoxin da ya sha jiƙon da aka sa tumfafiya, daidai yake da wanda ya ninka ƙwayarsa ba da saninsa ba.

Hanya ta biyu: ɗaya ya warware aikin ɗaya.

Babban misali shi ne kanwa. Ko da yake ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, tana ɗauke da sodiyam mai yawa, watau sinadarin da ke cikin gishiri wanda ke riƙe ruwa a jiki. Cikin shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun binciki yawan ciwon zuciya da kumburi ga mata masu jego, suka danganta shi da shan kunun kanwa da wankan jego. In kanwa tana iya nauyaya zuciyar mace mai ƙuruciya, ina ga ta tsoho? Mai ciwon zuciya da likita ya ba furosemide don ta fitar da ruwa, in yana shan ruwan kanwa saboda ƙwannafi ko kumburin ciki, to yana zuba ruwa ne ta wannan gefe ana kwashewa ta wancan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci ya kai giram 5 a rana, watau kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma kanwa da dunƙulen miya duk suna ƙara wa jiki wannan sodiyam.

Warfarin ita ma tana raunana in mai shanta ya tashi rana ɗaya ya dinga cin koren ganye mai yawa, irin alayyafo, fiye da yadda ya saba. Ba a hana shi ganye ba. Abin da ake so shi ne ya tsaya a kan gwargwadon da ya saba, ya kuma shaida wa likita in zai sauya.

Hanya ta uku: ɗaya ya sauya yawan ɗayan da ke shiga jini.

Cikin 1996 masana ilmin haɗa magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello sun ba waɗansu mutane lafiyayyu aspirin tare da kunun gero mai tsamiya, suka ga aspirin ɗin da ya shiga jininsu ya ƙaru ƙwarai. Cikin 2003 aka sake gwadawa da ibuprofen, aka ga irin haka. A Sudan kuma, cikin 1994, an ga cewa shan chloroquine da ruwan tsamiya, ko zoɓo, ko lemun tsami, yana rage yawan wanda ke shiga jini. An daina dogara da chloroquine wajen maganin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya tun 2005, amma darasin yana nan: tsamiya ɗaya ce, ta ƙara wa wannan magani ƙarfi, ta rage wa wancan. Ba mai iya sanin haka da ido. Shi ya sa ake cewa a haɗiyi ƙwaya da ruwa zalla.

A ƙasashen waje ma an ga irin wannan. Cikin 1989 masana a Kanada sun gano cewa ruwan garehul yana hana jiki narkar da wani maganin hawan jini, har ya taru a jini ya ninka. Cikin 2000 kuma aka yi gargaɗi a Turai da Amurka game da wani tsiro da ake kira St John's wort, wanda ake sha don baƙin ciki, bayan an ga yana sa hanta ta gaggauta fitar da magunguna da yawa, har da warfarin da digoxin da na ƙanjamau. Irin waɗannan kaya suna shigowa cikin kwalabe masu ƙyalli, 'ya'ya da jikoki suna sayo wa iyayensu da kyakkyawar niyya.

Hanya ta huɗu: su taru su ɓata ƙoda ko hanta.

Wannan takan kawo tsofaffi asibiti a galabaice, kuma wankin ciki yana cikin abubuwan da ke jawo ta. A ɗauki misalin dattijo mai shekara 70. Yana shan lisinopril da ƙwayar fitsari saboda hawan jini. Gwiwa ta dame shi, ya aika kemis aka sayo masa diclofenac. Ran nan cikinsa ya ɗaure, aka ce dattin ciki ne ko basir, aka dafa masa filasko. Ya kwana yana zawo. Ruwan jikinsa ya ƙare, jinin da ke isa ƙoda ya ragu, kuma ƙwayoyin nan uku kowace ta toshe wata hanya da ƙoda ke bi ta kare kanta a irin wannan hali. Bayan kwana biyu fitsari ya ɗauke. Ba ɗaya daga cikin waɗanda suka ba shi magani da ya nufe shi da sharri, kuma ba ɗayansu da ya san abin da sauran suka ba shi.

Zawo yana kuma fitar da wani gishirin jiki da ake kira fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. In ya ragu, digoxin yakan koma guba ko da ba a ƙara awonsa ba.

Akwai itatuwan da su kansu ke cin ƙoda. Madacin ƙasa yana cikin dangin tsirran da ke ɗauke da irin wannan guba. A farkon shekarun 1990, a ƙasar Beljiyam, mata fiye da 100 sun sami mummunan ciwon ƙoda bayan sun sha maganin rage ƙiba da aka sa wani ɗan'uwansa na ƙasar Sin a ciki, waɗansu kuma daga baya suka kamu da ciwon daji na hanyar fitsari.

Game da hanta, magungunan tarin fuka, waɗanda ake sha wata 6, suna wahal da ita, kuma haɗarin yana ƙaruwa da shekaru. Mai shansu ya nisanci jiƙe-jiƙe, tun ba tsimin da aka jiƙa da barasa ba. In idonsa ya yi rawaya, kada a ce shawara ce a nemo sassaƙe. A kai shi inda aka ba shi maganin a ranar.

MAGANIN DA AKA YI WA ALGUS

Akwai wata masifa da ta sha bamban da waɗannan. Waɗansu marasa tsoron Allah sukan niƙa ƙwayar asibiti su zuba a cikin gari ko kwalba, su sayar da sunan gargajiya, don mai saye ya ji aiki nan da nan. An sha kama maganin ƙarfin maza da aka sa wa sildenafil. Wannan ƙwaya in ta haɗu da maganin ciwon ƙirji irin su isosorbide ko glyceryl trinitrate, jini yakan faɗi warwas, mutum ya mutu. Maganin sanyin ƙashi kuma akan sa masa dexamethasone ko diclofenac. Dexamethasone tana ɗauke ciwo na ɗan lokaci, amma tana hawar da suga da jini, ta kumbura fuska, ta ruɓar da ƙashi, kuma wanda ya daɗe yana sha ba ya barinta rana ɗaya sai da shawarar likita.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa cikin 1993, tana ba magungunan gargajiya na kwalba lamba. Ya kamata a gane cewa wannan lamba ba shaida ba ce cewa maganin yana warkar da duk cututtukan da aka jera a jikinsa, kuma ba ta nufin ana iya gama shi da kowace ƙwaya. Wanda ba shi da lamba, ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ana kuma cewa yana maganin cuta 20, wannan a bar shi a inda aka gan shi.

ABINCI DA MAGANI

Kada wannan bayani ya sa a hana tsofaffi abincinsu. Tafarnuwa da citta a miya, da kwaɗon zogale, da kofin zoɓo a wurin biki, da kunun tsamiya na buɗa baki, duk abinci ne. Inda haɗari yake shi ne a tattara abu a kaurara shi, a dinga sha kullum da niyyar magani, ko a kora ƙwaya da shi. Haka kuma barin sa'a 2 tsakanin jiƙo da ƙwaya yana iya rage karon da ke faruwa a cikin hanji kaɗai. Ba ya hana wanda ke faruwa a jini ko a hanta ko a ƙoda.

ALAMUN DA BA A JIRA

In tsoho mai shan magani ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan, a kai shi asibiti nan take, tare da duk abin da yake sha:

1. Gumi mai sanyi, da rawar jiki, da ruɗewa, ga mai ciwon suga. In yana iya haɗiya, a ba shi suga ko zuma a ruwa tun kafin a tashi. In ya suma, kada a ɗura masa kome.
2. Baƙin bayan gida kamar kwalta, ko aman jini, ko jini a fitsari, ko haɓon da ya ƙi tsayawa.
3. Raguwar fitsari ko ɗaukewarsa, ko kumburin ƙafa da fuska.
4. Rawayar ido.
5. Bugun zuciya da ya rikice ko ya yi sanyi, da tashin zuciya, da ganin abubuwa rawaya-rawaya, ga mai shan digoxin.
6. Jiri da faɗuwa, ko ruɗewar da ta zo farat ɗaya.
7. Zawo ko amai da ya wuce yini ɗaya.

ABIN DA YA SA AKE ƁOYEWA

Yawancin tsofaffi ba su gaya wa likita abin da suke sha a gida. Waɗansu na tsoron faɗa, waɗansu na jin kunya, tun ba in maganin na basir ne ko na iyali ba, waɗansu kuwa ba su ɗauki jiƙo a matsayin magani ba, in an tambaye su sai su ce ba su shan kome. Likita kuma, da ganin dogon layi, sau da yawa ba ya tambaya. In ya ga jini bai sauka ba sai ya ƙara ƙwaya, alhali kanwa ce ke riƙe da shi. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ranar zuwa asibiti ranar wanka ce.

Akwai kuma waɗanda kan ajiye ƙwayarsu gaba ɗaya su koma ga jiƙo, don an ce musu yana raba mutum da hawan jini ko ciwon suga har abada. Waɗannan cututtuka biyu lallaɓa su ake yi. Wanda ya bar ƙwayarsa don ya ji sauƙi, sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ce ke sanar da shi kuskurensa.

AIKIN HAKIMAI

Ana roƙon kowane hakimi ya kula da waɗannan abubuwa a ƙasarsa:

Ya tara dagatai da masu unguwanni da limamai, a karanta musu wannan bayani, su kai shi ga magidanta. A tabbata ya isa cikin gida, domin matan gida su ne ke dafawa da miƙawa.

Ya kira masu maganin gargajiya na ƙasarsa, da Sarkin Aska da wanzamansa, da ungozomomi, ya zaunar da su da ma'aikacin lafiya na gunduma, cikin mutunci. A roƙe su abu uku: su tambayi kowane tsoho ko yana shan ƙwayar asibiti kafin su ba shi magani, kada su ce wa kowa ya bar ƙwayarsa, kada su ba tsoho maganin wankin ciki mai ƙarfi. Mai magani na gari, wanda ya gaji sana'arsa kuma yake zaune cikin jama'a, ba ya son a ce majinyacinsa ya mutu a hannunsa, saboda haka zai karɓi wannan magana in an faɗa masa da girmamawa.

Ya sa ido kan masu tallar magani da lasifika a kasuwanni da tashoshin mota, waɗanda in sun sayar yau, gobe ba a san inda suke ba. In an yi zargin wani magani, a adana kwalbar, a sanar da Sashen Lafiya na Ƙaramar Hukuma ko ofishin NAFDAC na jiha. Tun 2004 hukumar tana da cibiyar tattara rahoton illar magunguna, kuma ma'aikatan lafiya suna da takardar da ake cikawa saboda haka.

Ya roƙi ma'aikatan asibiti su dinga tambaya da sakin fuska. Tsohon da aka yi wa tsawa sau ɗaya a gaban jikokinsa ba zai sake faɗin gaskiya ba.

AIKIN MALAMAI

Malamin hakimi ko na dagaci yana iya ceton rai da takarda guda. Ga kowane tsoho da ke shan magani kullum, a rubuta masa:

Sunansa, da shekarunsa, da cututtukan da likita ya ce yana da su. Sunan kowace ƙwaya yadda yake a kwali, da yawan da yake sha, da lokacin sha. Sunan kowane ganye ko saiwa ko gari da Hausa, da wanda ya ba shi, da yadda ake haɗawa, da ranar da ya fara. A sa har da kanwa, da habbatus sauda, da goro in yana ci da yawa, da abin da ake saya a kemis ba da takarda ba. In ba a san abin da ke cikin haɗi ba, a rubuta haka, a ƙulla kaɗan a leda.

A ajiye takardar tare da katin asibiti. Ranar zuwa ganin likita a zuba dukan magungunan cikin jaka ɗaya a tafi da su, kuma wani ɗa ko jika mai hankali ya raka shi. Gida kuma a zaɓi mutum ɗaya ya zama shi ke ba tsohon magani, duk abin da aka kawo ya bi ta hannunsa. Wanda aka sa wa ranar aiki, ko na yanar ido ne, ko na gwaiwa, ya faɗi duk abin da yake sha tun da wuri, domin likitoci kan so a dakatar da magungunan itace kamar mako 2 kafin aiki, saboda zubar jini da kuma maganin sa barci. Mai shan ƙwaya kullum da ke niyyar azumi, ya ga likita kafin watan ya kama.

Tsofaffi su ne suka riƙe gida sa'ad da suke da ƙarfi, yanzu kuma amana ce a hannun 'ya'yansu da shugabanninsu. Abin da ake nema domin kare su ba ya cin kuɗi: a tambaya, a faɗi gaskiya, a rubuta. Hakimin da ya tsaya a kan wannan a ƙasarsa, zai ga amfaninsa a gidajen talakawansa, da gidansa shi kansa.